Fushi Mai Ƙara Ne, Kada A Naɗa Shi Alƙali

Yau ina so mu tattauna a kan wani baƙo wanda babu gidan da bai taɓa sauka ba, tun daga fadar sarki har zuwa bukkar makiyayi, watau fushi. Abin da ya tayar mini da wannan magana kuwa wani al'amari ne da na gani da idona kwanan baya, wanda har yanzu bai bar zuciyata ba.

Wata safiya, rana ba ta ko fito ba, sai wani maƙwabcina ya yi mini sallama a zaure. Mutum ne kamili, shekararsa 14 da aure, 'ya'yansa biyar, ba a taɓa jin kansa da iyalinsa ba. Na dube shi na ga idonsa ya yi ja, da gani ka san bai runtsa ba. Ya zauna ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce mini daren jiya ya saki matarsa, saki uku cikin numfashi guda. Na tambaye shi abin da ta yi. Ya sunkuyar da kai, ya ce a kasuwa wani mai binsa bashi ya ci masa mutunci gaban jama'a, shi kuwa bai iya ce masa kome ba. Ya komo gida da magariba, ga gajiya ga yunwa, ya tarar ba a kwashe tuwo ba. Ya yi faɗa, ta mayar masa da magana, daga nan bai san abin da ya hau kansa ba. Ya ce, "Wallahi, Malam, ko minti biyar ba a yi ba." Yanzu so yake in raka shi wurin malamai, ko za a samo masa mafita.

To, ku duba fa. Ginin shekara 14, minti biyar ya rushe shi. Wanda ya ci masa mutunci yana can gidansa yana barci lafiya lau, wadda aka yanke wa hukunci kuwa laifinta bai wuce jinkirin tuwo ba. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira haushin kaza huce kan dami.

Amma kafin mu zargi fushi, ya kamata mu san ko mene ne shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya keɓe littafi guda cikin littattafai arba'in na Ihya'u Ulumid Dini a kan fushi da ƙulli da hassada. A can ya kwatanta fushi da wuta mai tafasa jinin zuciya har ya hau fuska, ya kuma nuna an sanya ta cikin mutum ne domin ya kare kansa daga abin da zai halaka shi. Bayansa da shekara ɗari takwas, wani likitan Amurka a Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya zauna ya auna wannan tafasa a ɗakin gwaji, har a shekarar 1915 ya buga littafi a kan sauye-sauyen da ke samun jiki lokacin raɗaɗi da yunwa da tsoro da hasala.

Ga abin da masana suka tabbatar. Da zarar mutum ya ga ko ya ji abin da ya ɗauka cin fuska ne, wani ɗan ƙaramin sashe can cikin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira amigdala, shi ke fara buga kuge. Nan da nan wasu 'yan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda su zuba wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, numfashi ya gajarta, hanta ta saki sukari, damatsa su ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Jiki dai ya yi shirin faɗa ke nan. Duk wannan yana aukuwa ne tun kafin sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda aikinsa auna abu da tuna gobe, ya gama duba maganar. Muddin kuma jiki yana cikin wannan hali, aikin sashen nan yakan raunana. Ashe da kakanninmu ke cewa wane idonsa ya rufe, ko zuciya ta ɗebe shi, ba su yi kuskure ba ko kaɗan.

Jikin ma ba ya fita lafiya daga wannan ɗauki. A shekarar 2014 wasu masu bincike na Harvard suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan, suka samu cewa cikin awa biyu bayan mutum ya hasala ƙwarai, haɗarin bugun zuciya yakan ninka kusan sau biyar, na shanyewar ɓarin jiki kuma fiye da sau uku. Ga lafiyayyen mutum wanda ba kasafai yake hasala ba, haɗarin kaɗan ne. Amma dattijo mai hawan jini wanda kullum sai ya yi tsawa a gida, lalle ya sani ba iyalinsa kaɗai yake cuta ba.

To, in haka ne, yaya za a yi da wannan baƙo? Mutane sun kasu biyu tun zamanin da, ni kuwa ina ganin kowane kashi ya kauce.

Kashi na farko sun ce a tumɓuke shi gaba ɗaya. Babbansu shi ne Seneka, wani masanin Rum, mashawarcin Sarki Nero, wanda ya mutu a shekarar 65. Ya rubuta littafi sukutum a kan fushi, ya ɗauke shi wani irin hauka ne mai gajeren zango, wanda mai hankali ba ya bukatarsa ko ƙanƙani. Amma tun kafinsa da wajen shekara ɗari huɗu Aristo na ƙasar Girka ya riga ya nuna cewa wanda ba ya fushi a inda ya kamata a yi, shi ma da naƙasa a halinsa. Gazali ya bi wannan hanya, ya kasa mutane uku: mai ƙarancin fushi har ya rasa kishin kansa da na iyalinsa, da mai yawansa har ya fita daga ikon hankali, da matsakaici wanda fushinsa ke jiran umarnin hankali. Gaskiya kuwa tana nan. Mutumin da za a zalunci maraya a gabansa ko gezau bai yi ba, ba ma kiransa mai haƙuri, mataccen zuciya muke ce masa.

Dubi abin da ya faru a birnin Montgomery na Amurka. Ranar 1 ga Disamba 1955 aka kama wata baƙar mace, Rosa Parks, don ta ƙi tashi ta ba farar fata wurin zama a cikin bas. Baƙaƙen birnin suka fusata, fushi na gaskiya. Amma maimakon su fita da sanduna, sai suka ƙaurace wa motocin, suka riƙa zuwa aiki a ƙasa ko cikin motocin junansu, har kwana 381. Ko da aka jefa bom gidan shugabansu Martin Luther King, shi da kansa ya fito ya hana jama'a ramuwa. A ƙarshe Kotun Ƙoli ta soke dokar wariyar a 1956. Da ba su yi fushi ba, da ba su tashi ba. Da kuma fushin ne ya ja ragamarsu, da cikin kwana biyu an murƙushe su an ce 'yan tarzoma ne.

Kashi na biyu su ne na zamaninmu, masu cewa fushi kamar tukunya ce a kan wuta, in ba a buɗe murfi ba sai ta fashe, saboda haka a amayar da shi, a yi ihu, a doki wani abu, a faɗi duk abin da ke ciki. Wannan magana tana da daɗin ji, amma da aka gwada ta ba ta tsaya ba. A shekarar 2002 wani malamin jami'a a jihar Iowa, Brad Bushman, ya tara ɗalibai 600, aka fusata su ta hanyar kushe rubutun da suka yi. Sa'an nan aka sa wasu su yi ta naushin buhun dambe suna tuna wanda ya kushe su, wasu kuma aka ce su zauna shiru kawai na ɗan lokaci. Da aka auna, masu naushin nan sun fi kowa fushi da son ramuwa, waɗanda suka zauna shiru kuwa su suka fi hucewa. A 2024 shi da wata abokiyar aikinsa suka tattara bincike 154 da aka yi a kan mutum fiye da 10,000, sakamakon ya fito daidai da na farko: abin da ke kwantar da jiki, kamar jan numfashi a hankali da natsuwa, shi ke rage fushi, abin da ke ƙara zaburar da jiki kuwa ba ya rage shi, gudu ma ƙara shi yake yi. Ashe wanda ke ihu don ya huce, itace yake ƙara wa wuta.

To, tun da tumɓukewa ba ta yiwu ba, amayarwa kuma ba ta yi magani ba, ina mafita? Ni a ganina tana cikin wata ƙa'ida da malaman fiƙihu suka daɗe da shimfiɗa wa alƙalai. Hadisi ingantacce ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu alhali yana cikin fushi, malamai kuma suka yi ƙiyasi suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishirwa da gyangyaɗi, da duk abin da ke dagula tunani. Ku lura, ba a ce alƙali kada ya yi fushi ba, domin shi ma ɗan Adam ne. Cewa aka yi kada ya yanke hukunci sai ya huce.

Kowannenmu fa alƙali ne a wani wuri. Mai gida alƙali ne a gidansa, uwa alƙaliya ce a kan 'ya'yanta, malami a kan almajiransa, uban gida a kan yaransa. Fushi kuwa matsayinsa matsayin mai ƙara ne. Yakan shigo a guje yana kururuwa, yana cewa an cuce mu, an raina mu. Dole a saurare shi, domin sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amma mai ƙara ba ya kawo sai ɓangarensa, ba ya jiran shaida, ba ya tuna alherin da wanda ake ƙara ya taɓa yi, kuma kullum hukuncin da yake nema shi ne mafi tsanani. Wace kotu ce za ta ce wa mai ƙara ya hau kujera ya yanke wa abokin shari'arsa hukunci da kansa? Abin da maƙwabcina ya yi ke nan. Ya ɗora mai ƙara bisa kujera, mai ƙara kuwa ya yanke iyakar abin da doka ta ba shi iko.

Tarihi ya ajiye mana misalin mutum biyu masu mulki, ɗaya ya ba mai ƙara kujera, ɗaya ya hana shi. Na farko Iskandar Mai Girma ne, sarkin Makidoniya, wanda ya ci ƙasashe tun daga Girka har bakin Indiya. A shekarar 328 kafin haihuwar Annabi Isa, a birnin da yau ake kira Samarƙand, ana cikin walima an sha giya, gardama ta tashi tsakaninsa da wani babban jaruminsa mai suna Kilaitus. Wannan Kilaitus shi ne wanda shekara shida kafin nan ya ceci ran Iskandar a fagen fama, ya sare hannun wanda ya ɗaga takobi zai kashe shi. Magana ta yi zafi, Iskandar ya fizgi mashi daga hannun dogari ya soke shi, nan take ya mutu. Masu tarihi sun ce da idonsa ya buɗe har ya nemi ya kashe kansa, ya kwana uku bai ci bai sha ba yana kuka. Amma da na sani ƙeya ce, a baya take.

Na biyu shi ne Abraham Linkon, shugaban Amurka lokacin yaƙin basasarsu. A watan Yuli na 1863 rundunarsa ta yi nasara a Getisbag, amma kwamandanta, Janar Mid, bai bi abokan gaba da sauri ba, har suka haye kogi suka tsira. Ran Linkon ya ɓaci ƙwarai, domin yana ganin da an bi su da yaƙin ya ƙare. Ya zauna ya rubuta wa janar ɗin wasiƙa mai zafi. Da ya gama sai ya sa ta cikin ambulan ya ajiye, bai sa hannu ba, bai kuma aika ba. Janar Mid ya ci gaba da riƙe rundunar har yaƙin ya ƙare a 1865. Linkon ya saurari mai ƙara har ƙarshen maganarsa, har ma ya rubuta ta, amma ya ɗage shari'a.

Yanzu bari mu komo gida, domin a nan ne ɓarnar ta fi yawa. Wani masani, James Averill, ya buga bincike a 1982 bayan ya tambayi mutane da yawa labarin fushinsu na yau da kullum, ya samu cewa galibin fushin mutum a kan waɗanda ya sani yake sauka, masoyansa da abokan zamansa, ba baƙi ba. Mu ma mun san haka ba sai an gaya mana ba. Fushi kamar ruwa yake, gangare yake bi. Babba ya yi wa akawu tsawa, akawu ya zo gida ya yi wa matarsa, matar ta huce a kan ɗanta, yaron ya fita ya jefi akuya. Ba wanda ya mayar wa wanda ya yi masa, kowa na ƙasa da shi ya samu.

Maganar saki cikin fushi kuwa ta daɗe tana damun malamai. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya rubuta risala musamman a kanta, ya kasa fushin mai saki mataki uku gwargwadon yadda hankalinsa ya gushe. Mazhabobi huɗu, har da ta Malikiyya da aka fi bi a ƙasarmu, sun tafi a kan cewa saki uku cikin kalma guda uku ne. Wasu malamai sun ƙirga shi ɗaya, ƙasar Masar ma ta mayar da wannan ra'ayi doka tun 1929. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, wannan fage na masu shi ne. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya wayi gari yana yawo daga zauren wannan malami zuwa na wancan yana neman wanda zai ce masa ɗaya ne, ko ya koma neman wanda zai yi masa auren kisan wuta, ya riga ya yi hasara ko da wace amsa ya samu. Ko an ce masa ɗaya ne, ita matar uku ta ji da kunnenta, 'ya'ya ma sun ji. Magana zarar bunu ce.

Akwai kuma fushin taro, wanda ya fi na mutum guda muni, domin a cikin taro kowa yana ganin ba shi ne alƙalin ba, alhali kuwa dukansu sun hau kujerar. A watan Oktoba na 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa zargin sata. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin satar mutane. Ba a kai ko ɗaya daga cikinsu gaban alƙali ba. Kada kuma mu ce wannan halin wasu ne can, domin a garuruwanmu na Arewa ma mun sha ganin an yi ihun ɓarawo ko wani zargi, kafin a tambayi abin da ya faru an riga an ɗauki rai. Yau kuma ga waya a hannun kowa. Da can kafin ka rubuta takarda ka nemi ɗan aike, zuciya ta sauka. Yanzu kuwa kafin ka ja numfashi biyu saƙonka ya isa, hoton da ba ka san asalinsa ba ka riga ka tura wa mutum ɗari. Jinkirin da nisa ke yi mana kyauta a da, yau sai mun yi wa kanmu shi da gangan.

Wani zai ce, ai duk wannan doguwar magana kalma guda ce, haƙuri, kuma mun san shi tun muna goye. Haka ne, haƙuri maganin zaman duniya ne. Amma akwai abin da muke kira haƙuri alhali ba shi ba ne. Mutum ya haɗiye magana don tsoro, ya yi murmushi a fuska, ya shiga ɗaki ya yi ta juya ta a ransa dare da rana. Wannan mai ƙara ne aka kulle a ɗaki ba a saurare shi ba, kuma ba zai mutu a can ba. Gazali ya nuna cewa fushin da aka danne don rashin ikon ramawa, shi ke komawa ciki ya zama ƙulli, daga ƙulli kuma sai hassada da gaba. Shi ya sa za ka ga 'yan uwa ciki ɗaya sun shekara goma ba sa gaisawa a kan maganar da rabin sa'a ta isa a kashe ta. Ina kuma jan hankalin iyaye da dattawa: in kullum mai rauni kaɗai ake ce wa ya yi haƙuri, matar da aka doka, ko yaron da aka zalunta, ba a taɓa ce wa mai ƙarfi ya ji tsoron Allah ba, to, wannan ba sulhu ba ne, rufe wuta ne da toka. Haƙuri na gaskiya shi ne ka jinkirta hukunci, sa'an nan ka zo ka faɗi maganarka cikin natsuwa, ko ka yafe yafiya ta har zuci.

To, ga abin da nake ba kaina shawara da shi, nake kuma ba ku.

Da fari, kowa ya san alamun kansa. Wani kunnensa ke ɗaukar zafi, wani muryarsa ke rawa, wani haƙoransa ke datsewa. Da ka ji alamar, ka san kugen nan an buga shi, daga yanzu duk abin da zuciyarka ta gaya maka maganar mai ƙara ce.

Na biyu, ka kwantar da jiki tukuna, domin ba a yi wa tafasasshen jini wa'azi. Abin da aka koya mana daga hadisai shi ne mai fushi ya nemi tsari, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya kuma yi alwala. Ku duba, ashe duk abubuwan kwantar da jiki ne, irin waɗanda bincike 154 ɗin nan ya nuna su ke aiki. Ka ƙara da jan numfashi a hankali, kana sakinsa a hankali. In zama wurin ya gagara, ka fita. John Gottman, wanda ya shekara da shekaru yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington, ya ba da shawarar cewa in gardama ta kai zuciya na bugawa da sauri, a rabu aƙalla minti 20 kafin a komo kan maganar. Amma fa in ka fita kada ka tafi kana tsara amsar da za ka mayar, domin wannan hura wuta ne.

Na uku, ka yi wa kanka doka tun kana cikin hayyacinka, cewa abu huɗu ba ka yinsu ranar da ka yi fushi: ba ka saki, ba ka duka, ba ka rantsuwa, ba ka aika saƙo. In hukuncin daidai ne, gobe ma yana nan daidai, ba abin da zai rage shi. In kuwa kuskure ne, ka tsira. Ban taɓa ganin wanda ya yi nadamar kwana guda da ya jinkirta saki ba.

Na huɗu, in ka huce, ka zauna ka yi shari'ar da gaske. Ka tambayi kanka: wa ya ɓata mini rai tun asali? Shin wannan da ke gabana ne, ko wani ne can da na kasa tunkara? Da gangan ya yi, ko akwai uzurin da ban sani ba? Yunwa ce ke magana, ko gajiya, ko rashin barci, ko bashi? Sau da yawa in ka ɗaga fushi za ka tarar da kunya ko tsoro kwance a ƙarƙashinsa. Maƙwabcina ba tuwo ne ya dame shi ba, kunyar kasuwa ce. In kuma ka ga lalle an yi maka laifi, ka je ka faɗa, ka ambaci abin da aka yi da yadda ya ɓata maka, ba tare da ka tono na bara da na bariya ba, ba kuma tare da ka taɓa iyayen kowa ba.

Na san akwai mai cewa, ni haka Allah ya yi ni, mai zuciya ne, ba na iya riƙewa. Gaskiya ne halitta ta bambanta, wani ya fi wani saurin hawa. Amma ina tambayarka, ɗan'uwa: ran da soja ya tsare ka a hanya ya gaya maka baƙar magana, ka mare shi? Ran da uban gidanka ya yi maka tsawa gaban mutane, ka zage shi? Ai shiru ka yi, har da ba da haƙuri. Ashe kana iya riƙewa, zaɓen wurin saki kake yi. Linzamin da ka sa wa zuciyarka gaban mai ƙarfi don tsoro, ka sa mata shi gaban mai rauni don girman Allah da mutunci. Wanda kuwa ya ga abin ya fi ƙarfinsa da gaske, kullum sai ya yi duka ko ya fasa kaya, barci ya ƙaurace masa, to, ya nemi likita, domin wani fushin alamar ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Neman magani ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne 'ya'yanka su riƙa ɓuya in sun ji sallamarka.

Yara kuma a kula da su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tashi yana ganin duk wanda ransa ya ɓaci sai ya ɗaga hannu, karatun da zai haddace ke nan, ya kuma biya shi a gidansa bayan shekara ashirin. In za ka hori ɗanka, ka bari sai ka huce, don ya san laifinsa ake hukuntawa, ba zafin ranka ake sauke masa ba.

Maƙwabcin nan nawa na raka shi inda ya ce in raka shi. Abin da malamai suka gaya masa tsakaninsa da su ne. Abin da na sani dai, har ranar da nake wannan rubutu matar tana gidan iyayenta, ƙaramin ɗansu kuwa kullum da yamma yakan zauna bakin ƙofa yana duban hanya. Bashin kasuwa ma yana nan ba a biya ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, ya kiyashe mu da aikin da na sani, ya zaunar da gidajenmu da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wasalam.